Kama da Wane Ba Ta Wane: Ciwon da Ya Kusa Raba Ni da Yayana



Na daɗe ina son rubuta wannan labari, kunya ce take hana ni, domin akwai laifina a ciki. Sai da na nemi izinin yayana, ya ce in rubuta amma kada in kama sunansa. Ya ce idan mutum ɗaya ya karanta ya kauce wa abin da ya same shi, to wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba.

Yayana ya fi shekara ashirin a Legas. Da dako ya fara a kasuwar kayan gwari, yana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga manyan motocin da suke zuwa daga Arewa, har ya tara ɗan jari ya fara sayen buhu biyar, buhu goma, yana sayarwa. Shi ya kawo ni garin nan, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na iya Turanci. Shi ya sa duk inda za a je a gidanmu, asibiti ne ko banki ko makarantar yara, ni ne tafinta. Ku riƙe wannan magana ta tafinta, domin a nan laifina yake.

Duk wanda ya yi dako ya san jiki ba ya yafe bashi. Tun kafin Yaya ya kai shekara arba'in da biyar gwiwoyinsa da bayansa suka fara damunsa, har ya zama idan ya zauna sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Wani abokin sana'arsa ya nuna masa haɗi. Na san yawancinmu mun san shi: 'yar leda mai ƙwayoyi huɗu ko biyar kala-kala, babu kwali, babu suna, babu takarda, mai talla yana yawo da ita da yamma. Yaya ya sha ɗaya, washegari ya tashi garau kamar saurayi. Daga nan ya zama kullum. Da yake mai tallan yana tsayawa a kan hanyata ta dawowa daga aiki, ni ne nake saya masa. Kusan shekara biyu ina wannan aike, ina ganin hidima nake yi wa wanda ya riƙe ni.

A cikin wannan lokaci fuskarsa ta cika, kumatu suka fito, wuya ya yi kauri. Mutane suna ce masa, "Lallai kasuwa ta yi albarka." Da na aika wa Inna hotonsa ta waya, har addu'a ta yi mini, wai ina kula da ɗan uwana.

Tari ya fara ne da damina. Ba wanda ya damu, domin a Legas da damina kowa tari yake yi. Sai zazzaɓi ya biyo baya, irin mai zuwa da yamma ya tafi da asuba. Sai gumin dare, har matarsa tana sauya zanin gado. Sai cin abinci ya ragu. Fuska tana nan a cike, amma hannuwa da ƙafafu sun sirance kamar na wani mutum daban. Muka yi abin da kowa yake yi: maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan na taifot, sannan kafso daga kemis, sannan zuma da citta da tafarnuwa. Sai da aka kusa wata biyu, ranar da ya yi kaki ya ga jini-jini a ciki, sannan ya yarda muka je asibiti.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga tabo da wani ɗan rami a saman huhunsa na dama. Aka karɓi kakinsa aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ake gwada tarin fuka da ita. Sakamako ya fito cewa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Likita ya ce wani lokaci na'urar takan rasa ta idan ba ta da yawa a cikin kakin, kuma tunda tari da zazzaɓi da gumin dare da rama da hoton ƙirji duk sun nuna wuri ɗaya, gara a fara magani. Har yau ban ga laifinsa ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma mafi yawan waɗanda suke zuwa da irin waɗannan alamomi, shi ne da su.

Amma kafin ya rubuta magani ya yi wata tambaya da Turanci: ko akwai wani magani da mara lafiyan yake sha kullum?

Na juya na ce, "Yaya, wai ko kana shan wani magani?"

Ya ce, "A'a, Auta, ban da na tarin nan da ya ƙare."

Na mayar wa likita cewa ba ya shan komai. A daidai wannan lokaci akwai ledar haɗi biyu a aljihun rigata. Ba ɓoyewa muka yi ba. Daga ni har shi ba wanda ya ɗauki haɗi a matsayin magani. A wurinmu kamar goro ne ko shayin safe, abin da ake sha don jiki ya saki a fita nema. Magani shi ne wanda likita ya rubuta.

Aka sa shi a kan maganin tarin fuka na wata shida, kyauta, kamar yadda ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Aka gaya mana fitsarinsa zai koma ja, kada mu tsorata. A gida kuwa muka yi abin da tsoro ya sa mu. Aka ware masa kofi da kwano da cokali. Aka mayar da shi ƙaramin ɗaki shi kaɗai. 'Yar autarsa mai shekara biyar, wadda ba ta iya barci sai a jikinsa, aka kai ta gidan 'yar uwar mahaifiyarta a wata unguwa. Abokan da suke cin abinci tire ɗaya da shi a kasuwa suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai yake tambayata idan na dawo da yamma: "Auta, ka sayo mini abin?" Ni kuwa in miƙa masa.

Mai tarin fuka idan ya fara shan magani yadda ya kamata, cikin 'yan makonni ake ganin canji: zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo, nauyi ya fara ƙaruwa. Yaya ya yi wata biyu cur bai tsallake ko kwana ɗaya ba, amma kullum baya yake yi. A nan ne na yi kuskure na biyu. Duk ranar da muka je karɓar magani, ma'aikaciyar jinya takan tambayi jikinsa. Kun san mu da amsa. Ko mutum yana kan gargara, idan aka ce "ya jiki?" sai ya ce "da sauƙi." Yaya ya ce da sauƙi, ni kuma in juya in gaya mata da Turanci cewa yana samun sauƙi. Ita ta ji rahoto, alhali mu gaisuwa muka yi. Layi yana da tsawo, ta miƙo magani, mu tafi.

Cikin wata na uku wani kumburi ya fito masa a cinya, kamar maruru amma ya fi girma, ba ya nuna kuma ba ya fashewa. Sai ciwon kai mai tsanani, musamman da asuba. Wata rana yana shan shayi kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya ce hannun ne ya yi masa nauyi. Bayan kwana huɗu, da tsakar dare, matarsa ta buga mini ƙofa tana kuka. Na same shi a ƙasa yana jijjiga, idanu sun juye, kumfa a baki. Mutumin da bai taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsa.

Kafin gari ya waye waya ta ɗauki zafi. Kawu ya kira daga gida ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, an yi wata uku ana shan maganin Bature ba a ga komai ba, yanzu ga shi ya taɓa kai, aikin mahassada ne na kasuwa, a sa shi a mota a kawo shi. Inna ba ta iya cewa komai ba, kuka kawai take yi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma zuciyata ta karkata can, har na fara tambayar motar da za ta tashi. Matar Yaya ce ta tsaya. Ta karɓi wayar ta ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ku taya mu da addu'a daga nan. Amma mutumin da yake jijjiga ba zan sa shi a mota tafiyar kwana guda ba. A gwada babban asibiti tukuna." Da ba ta yi wannan tsayuwa ba, da wani labarin nake ba ku yau.

A asibitin koyarwa aka ɗauki hoton kansa a na'urar sikanin. Aka ga ƙuraje biyu masu mugunya a cikin ƙwaƙwalwa, ta ɓangaren dama. Aka bayyana mana cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi yake sarrafa hagun jiki, shi ya sa hannun hagu ya yi nauyi. Aka gwada cutar ƙanjamau, babu. Aka gwada suga, aka same shi sama sosai, alhali ba mu taɓa sanin yana da ciwon suga ba.

Wata likita ce, matashiya, ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi fuskar da ta cika, ta dubi siraran ƙafafu, ta ɗaga rigarsa ta ga wasu jajayen zane-zane a cikinsa kamar na mace mai juna biyu, ta dubi fatar hannunsa da ta yi laushi tana ɓarkewa da abu kaɗan. Sai ta juyo gare ni. Ba ta ce "yana shan magani?" ba. Cewa ta yi, "Malam, duk abin da yake sa wa a bakinsa wanda ba abinci ba, na kemis ne, na gargajiya ne, na mai talla ne, ka kawo mini in gani da idona."

Sai a lokacin gabana ya faɗi. Na sa hannu a jaka na fito da ledar. Ta zazzage ƙwayoyin a kan farar takarda, ta ware su da bakin biro, ta nuna wata 'yar ƙarama ta tambaye ni tun yaushe yake shan wannan. Na ce kusan shekara biyu, kullum. Ta yi shiru, sannan ta tambaya wa yake saya masa. Na ce ni ne.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Zaunar da ni ta yi ta bayyana mini. Wannan 'yar ƙwaya sunanta deksametazon, wadda wasu suke kira Deksa, daga dangin magungunan da ake kira sitiroyid. Magani ne na gaske, likitoci suna ceton rai da shi a ciwon asma mai tsanani da wasu cututtuka, amma da awo da lokaci. Yana kashe kumburi da raɗaɗi nan take, shi ya sa mai ciwon gwiwa yake jin kamar an sake haihuwarsa. Sai dai idan aka daɗe ana sha, yana danne garkuwar jiki, yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana tara kitse a fuska da wuya da ciki yana cinye naman hannu da ƙafa. Ƙibar da muke taya Yaya murna a kanta, alamar cuta ce. Irin wannan ƙwaya ce kuma take cikin abin da wasu mata suke sha don su yi ƙiba, wanda ake kira "sha ka fashe".

Na ce to daga yau ya daina. Ta ce a'a, wannan ma hatsari ne. Jikin wanda ya daɗe yana sha yakan daina samar da irin nasa sinadarin, idan aka yanke rana ɗaya jini yana iya faɗuwa mutum ya suma, har a rasa shi. Su ne za su riƙa rage masa a hankali.

Sai ta ce yanzu tambayarta ta sauya. Da tana neman abin da yake kama mai lafiya, yanzu tana neman abin da yake kama wanda garkuwarsa ta faɗi: huhu, fata, ƙwaƙwalwa, duk a lokaci ɗaya, kuma maganin tarin fuka bai taɓa shi ba. Aka zuƙo mugunya daga kumburin cinyar da sirinji aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Na ga ta rubuta wani abu a kan takardar ta ja masa layi biyu. Daga baya na fahimci roƙo ne ga ma'aikatan cewa kada su zubar da gwajin da wuri. Yawancin ƙwayoyin cuta suna tsirowa a farantin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka idan aka kwana biyu ko uku ba a ga komai ba akan rufe magana. Wadda take zargi kuwa mai nawa ce, tana iya ɗaukar kwanaki da yawa, wani lokaci makonni. Idan likita bai faɗa ba, sai a jefar da farantin kafin ta fito, a rubuta "ba a ga komai ba".

Da yake na zama ɗan gida a bakin ɗakin gwajin saboda yawan sintiri, wani ma'aikaci dattijo ya kira ni wata rana ya ce in leƙa madubin likita. Na ga wasu siraran zare masu rassa, sun yi kama da saiwar ciyawa idan aka tumɓuke ta. Bayan fiye da mako guda abin ya tsiro a faranti, fari busasshe kamar garin alli. Dattijon ya ce masu aikin suna gane ta har da wari, domin tana ƙanshin ƙasa irin na ruwan farko. A ranar na fara jin sunan: Nokardiya. Ciwon da take haddasawa kuma nokardiyosis.

Bari in gaya muku abin da na koya a kanta cikin watannin da na yi ina kwana a kan benci, domin na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin sunan ba.

Nokardiya ƙwayar bakteriya ce da take zaune a cikin ƙasa, da ruɓaɓɓen ganye da itace, da ruwan da ya kwanta, a ko'ina cikin duniya. An sa mata sunan wani likitan dabbobi ɗan Faransa, Edmond Nocard, wanda ya gano ta a shekarar 1888 a jikin shanu marasa lafiya na tsibirin Gwadalup. Ba da daɗewa ba aka gane tana kama mutane ma. Ba ta da yawa: a Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta mutum 500 zuwa 1,000 ne suke kamuwa a shekara, kuma ta fi kama maza fiye da mata. Ƙarancin nata shi ne babban hatsarinta, domin abin da likita bai saba gani ba, ba shi yake fara zuwa masa a rai ba.

Ta hanya biyu take shiga jiki. Ta farko, a shaƙe ta cikin ƙura ta sauka a huhu. A nan take kawo tari da zazzaɓi da gumin dare da rama da ciwon ƙirji, har da rami a huhu, sak irin na tarin fuka. Ko a ƙarƙashin madubi, idan aka yi mata rinin da ake yi wa ƙwayar tarin fuka, takan ɗan riƙe launin, ta ƙara rikita mai dubawa. Na'urar GeneXpert kuwa ƙwayar tarin fuka kaɗai take nema, ba ta san da wannan ba. Hanya ta biyu, ta shiga ta rauni a fata: ƙaya, tsinke, yankan fartanya, ko ciwon da ƙasa ta shiga. Wannan yana iya samun ko mai cikakkiyar lafiya, musamman manomi. Takan kawo gyambo ko ƙuraje da suke bin layi suna hawa hannu ko ƙafa. Wani lokaci tana cikin ƙwayoyin da suke haddasa kumburin ƙafa mai ɗaukar shekaru, mai huda-huda yana fitar da ruwa da 'yan tsaba, wanda ake kira maisetoma. An san wannan ciwo sosai a Sudan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Duk mai ɗan uwa manomi a gida da ƙafarsa ta daɗe a kumbure haka, ya tura shi asibiti.

Daga huhu ƙwayar tana iya bin jini ta tafi wani wuri, kuma inda ta fi so shi ne ƙwaƙwalwa, sai fata, wani lokaci ƙoda ko ido ko ƙashi. Abin da ya sami Yaya ke nan. Shi ya sa idan aka same ta a huhu likitoci sukan duba kai ko da mutum bai yi ƙorafi ba.

Na tambayi likitar ko ƙurar buhunan albasa da tarin ruɓaɓɓen kayan gwari ne suka jawo masa. Ta ce mai yiwuwa ne a nan ya shaƙa, amma ɗaruruwan mutane suna aiki a wurin suna shaƙar abu ɗaya ba abin da ya same su, domin garkuwarsu tana kashe ta tun a bakin ƙofa. Waɗanda take kayarwa su ne masu raunin garkuwa: wanda ya daɗe a kan sitiroyid, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, mai ciwon daji da ake yi wa magani, mai ciwon suga da ba a kula da shi ba, mai tsohon ciwon huhu, da mai yawan shan giya. Ƙwayar tana nan tun fil'azal. Mu ne muka buɗe mata ƙofa, leda ɗaya kowace rana.

Sai abin da ya fi sosa mini rai: ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. Wata uku muka raba uba da 'yarsa, muka ware masa kwano kamar baƙo, a kan ciwon da ko tari ya yi a fuskarka ba zai ba ka ba. Har ma aka gaya mana shi kansa tarin fuka ta iska ake ɗaukarsa, ba ta kofi ko cokali ba.

Aka tsayar da maganin tarin fuka. Babban maganin nokardiyosis, abin mamaki, shi ne wanda dukanmu muka sani da sunan Septrin, sai dai da awo mai yawa wanda likita yake lissafawa da nauyin mutum. Da yake ta kai ƙwaƙwalwa, sai da aka haɗa masa da wasu allurai ta jijiya na tsawon makonni shida, tare da maganin hana jijjiga da na suga. Likitocin tiyatar kai sun duba shi suka ce a fara gwada magani, idan ƙurajen ba su ragu ba sai a zuƙe su. Allah Ya sa suka ragu. Kullum ana ɗibar jini a duba ƙoda da gishirin jiki, domin maganin yana iya taɓa su. Bayan an sallame mu ya ci gaba da shan ƙwayoyi shekara guda cur. Haka ƙa'idar take: wata shida zuwa goma sha biyu, wanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa kuwa aƙalla shekara, domin idan aka yanke da wuri tana dawowa.

Kuɗi kam sun tafi. Jarin albasa ya ƙare tun a makonni uku na farko, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, ni na ci bashin albashi. 'Yan uwa na kasuwa da na unguwa suka yi karo-karo har sau biyu, wasu ma ban san sunayensu ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Idan na lissafa abin da muka kashe, na tuna 'yan canjin da nake ba mai tallan haɗi, sai in ga ba mu taɓa sayen abu mai tsada kamar wannan leda ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tarinsa nokardiyosis ne ya tafi kemis ya sayi Septrin. Yin haka zai ɓoye ciwon ne ba tare da ya kashe shi ba, kuma akwai mutanen da maganin yake saɓule musu fata har ya kai ga halaka. Kada kuma wanda yake kan maganin tarin fuka ya ajiye nasa saboda labarina. Duk tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, gwajin da maganin kyauta ne, kuma wanda aka ce yana da shi ya shanye wata shidansa. Abin da nake roƙo shi ne, idan an yi wata ɗaya, wata biyu ana shan magani jiki yana ƙara lalacewa, a koma a faɗa da baki ƙarara: ba sauƙi, ga abin da ya ƙaru. "Da sauƙi" ta 'yan dubiya ce, ba ta likita ba.

Wanda kuma ya san ya daɗe yana shan haɗi ko maganin ƙiba, musamman idan fuskarsa ta fara cika, kada ya yanke yau. Ya ɗauki ledar ya kai wa likita ya ce ga abin da nake sha, tun lokaci kaza. Ciwon gwiwa da na baya suna da hanyoyin magani da ba sa rushe garkuwar jiki.

Magana ta ƙarshe ga irina, masu raka iyaye da yayye da maƙwabta asibiti a garuruwan nan da ba a jin harshenmu. Tafinta ba aikin juya kalma ba ne kawai. Likita bai san mene ne haɗi ba sai ka nuna masa. Bai san "da sauƙi" gaisuwa ba ce sai ka gaya masa. Abin da ka gani a gida, gumin dare, kofin da ya faɗi, ledar da take aljihunka, duk yana cikin amsar da yake nema. Ni na fassara maganar Yaya daidai, kalma da kalma, kuma saura ƙiris wannan daidai ɗin ya kashe shi.

Yau Yaya yana nan da ransa. Fuskarsa ta koma irin ta da, har Inna tana cewa ya rame, muna dariya. Hannun hagu bai dawo duka ba, ba ya iya ɗaga buhu, don haka yana zaune a rumfar wani amininsa yana riƙe masa lissafi da karɓar kuɗi. Idan ana sauke kaya ƙura ta tashi, yana sa takunkumi, abokai suna tsokanarsa yana kyale su.

Ranar da na nemi gafararsa, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Na ce, "Yaya, ni na riƙa kawo maka abin nan da hannuna, ni kuma na ce wa likita ba ka shan komai."

Ya ce, "Auta, ni na aike ka. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma tare muka kwana a cikinsa. Yanzu da ka sani, je ka gaya wa mutane."

Muna cikin haka 'yar autarsa ta fito da kofin shayi, ta kurɓa, ta miƙa masa, ya karɓa da hannun dama ya sha.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wanda ya karanta, ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman 'yan uwanmu na kasuwa da tasha.